Darasi na 9: Zaɓen Girman Taya da Rim na Babbar Motar Daji

Gingimari mai taya goma, in ta sha lodi ta kai tan 27, duk nauyin nan yana zaune ne a kan wurare goma kacal inda roba ta taɓa ƙasa. Inji na iya zama garau, giya da birki lafiya lau, amma muddin tayar ba ta dace da lodin da kuma ƙasar da ake bi ba, kayan ba za su isa kasuwa ranar da aka sa ba. Wannan darasi ya shafi motocin da ke sauka daga kwalta: masu kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye, tifofin da ke gangara rafi ɗibar yashi, motocin itace da gawayi, da manyan motocin da ke tashi daga Agadas su keta hamadar Tenere zuwa Dirku da Bilma. Mai mota da direba da yaron mota da mai faci duk suna da rabo a ciki, don sau da yawa mai biyan kuɗin taya daban, mai zaɓenta daban, wanda zai kwana a daji in ta fashe shi ma daban.

Maganar da ta fi yawo a tasha ita ce, taya in ta fi girma ta fi ƙarfi, ta kuma fi iya daji. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma bai taka kara ya karya ba. Kafin mu tashi za ku iya auna maganar da alƙalaminku.

Karatun gefen taya

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefenta. Hanyoyin rubutu uku za ku ci karo da su.

Ta farko irin 315/80R22.5 ce, wadda ta cika tireloli da tifofin zamani. Lambar 315 faɗin tayar ne da milimita. Ita kuwa 80 kaso ce: tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 80 ne cikin 100 na faɗin. Kashi 80 cikin 100 na 315 shi ne 252. Harafin R na nufin radiyal, wato wayoyin cikin tayar sun tashi daga baki ɗaya sun miƙe zuwa ɗaya bakin, sannan aka yi musu ɗamarar ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar wannan ƙira a 1946. Lambar ƙarshe, 22.5, girman rim ne da inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ke nan rim ɗin milimita 571.5 ne. To, tsayin tayar gaba ɗaya fa? A haɗa gefen sama da gefen ƙasa da rim: 252 da 252 da 571.5, ya tashi 1,075.5. A riƙe wannan lissafi da kyau, da shi za mu yi aiki har ƙarshe.

Ta biyu tsohuwar hanya ce, irin 12.00R20, 14.00R20, ko 7.50R16 ta Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Lambar farko faɗi ne da inci, a ƙiyasce, ta ƙarshe kuma rim. Ba a rubuta kason gefe ba, don a irin waɗannan tayoyi tsayin gefen ya kusa kamo faɗin. Tsayinsu sai dai a duba littafin kamfani ko a sa tef a auna: 12.00R20 kimanin milimita 1,125, 14.00R20 kimanin 1,250, 7.50R16 kuwa ta ɗan haura 800. In kun ga ɗan layi a gurbin R, kamar 12.00-20, wannan mai zare a gicciye ce, wadda ake kira ta nailan. Kada a haɗa ta da radiyal a aksil ɗaya, lanƙwasarsu ba iri ɗaya ba ce.

Ta uku ta Amurkawa ce, a kan ƙananan motocin daji ake ganinta: 33x12.50R15, wato tsayi inci 33, faɗi inci 12.5, rim inci 15. Babbar mota ba ta cika amfani da ita ba, sai mu wuce.

Nauyi kafin komai

Bayan lambar girma akwai wata da ido ke tsallakewa, alhali da ita ya kamata a fara. Za a ga an rubuta, misali, 156/150K. Lambobin nan nuni suke yi zuwa wani jadawali da masu ƙera taya suka amince da shi. A jadawalin, 150 na nufin kilo 3,350, 152 kilo 3,550, 154 kilo 3,750, 156 kilo 4,000, 160 kilo 4,500, 164 kuma kilo 5,000. Lambar farko ita ce abin da tayar za ta ɗauka in ita kaɗai ce a gefenta, kamar tayar gaba. Ta biyu ita ce abin da za ta ɗauka in an jera su tagwaye a baya. Me ya sa ta biyun ta gaza ta farko? Saboda hanya tudu da kwari ce, ɗaya daga cikin tagwayen kan ɗauki fiye da rabonta, ga kuma zafin da suke turara wa juna. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: G kilomita 90 a awa, J 100, K 110, L 120, M 130.

Mu ɗauki mota mai aksil uku. A ce ta hau sikeli da lodinta, aksil na gaba ya nuna kilo 7,000, na baya biyun kowanne 10,000. Kowace tayar gaba na ɗauke da 3,500. Mai lamba 156 ta wadatar, har da rarar kilo 500. Mai 152 da ƙyar ta tsallake, rararta kilo 50 ce tak. Ni ba zan ba da shawarar a sa ta a gaba ba, domin fashewar tayar gaba ita ce ta fi kifar da mota. A baya kuwa tayoyi huɗu sun raba 10,000, kowace ta sami 2,500, nesa da iyakarta ta 3,350. Nan babu damuwa.

Sai dai adadin da ke jadawalin ba ya tabbata sai tayar na cike da iskar da aka ƙayyade mata, wadda a irin 315/80R22.5 takan kai bar 8.5 zuwa 9, wato psi 123 zuwa 130. Iskar ce ke ɗaukar kaya, robar tsare ta kawai take yi. Duk wanda ya rage iska ya rage abin da tayar za ta iya ɗauka. Za mu sake cin karo da wannan in mun shiga rairayi.

Masu sayar da taya sun fi son maganar PR: 16PR, 18PR, 20PR. A zamanin da ake ƙera taya da zaren auduga, lambar tana ƙirga yawan shimfiɗun zaren ne. Yau babbar tayar radiyal mai 18PR shimfiɗa ɗaya ce ta wayar ƙarfe a jikinta, lambar ta zama kwatancen ƙarfi kawai. A yi ciniki da ita in an so, amma lissafi da lambar nauyi ake yinsa. Haka kuma ƙarfin taya ba ya ƙara wa aksil ƙarfi. Iyakar kowane aksil tana rubuce a ɗan allon ƙarfen da ke jikin ƙofa ko casis, kuma duk wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin iyakar aksil da ta taya, shi ne iyakar motar. Masu shiga Nijar da kaya su tuna cewa ƙasashen UEMOA, ƙungiyar da Nijar ke ciki, suna da doka mai lamba 14 ta 2005 wadda ta ƙayyade nauyin da aksil zai ɗora wa titi.

Ƙasar da za a taka

Rairayi ne babban malamin taya. Mota na lumewa a cikinsa in nauyi ya taru a ɗan ƙaramin wuri, tana tafiya a bisansa in nauyin ya bazu. Ku dubi tafin raƙumi: da ya taka sai ya baje, shi ya sa yake wucewa da lodin gishirin Bilma inda jaki zai nutse. Ita ma taya ana sa ta baje, ta hanyar sace mata iska. Amma ga inda lissafi ke ɓace wa mutane da yawa. In aka sace iskar tayar radiyal, sawunta tsawo yake ƙarawa gaba da baya, faɗin kaɗan yake ƙaruwa. Kuma dogon sawu ya fi faffaɗan sawu amfani, domin kowace taya tana tura tulin rairayi a gabanta. Mai faɗi tulinta ya fi girma, injin ya fi shan wuya. Abin nema ke nan shi ne doguwar taya mai dogon gefe, wanda zai lanƙwasa ba tare da rim ya kusanci ƙasa ba. Faɗi a baya yake zuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa a daji ƙaramin rim mai dogon gefen taya ya fi babban rim mai gajeren gefe. Ƙananan motoci sun fi fito da abin fili. Tayar 265/70R16 tsayinta milimita 777, ta 265/50R20 kuma 773. A tsaye kusan kai ɗaya suke. Amma gefen ta farko milimita 185.5 ne, na ta biyu 132.5. Milimita 53 ɗin nan da suka ɓace su ne ke shanye dukan dutse da kututture, su ne kuma ke ba da damar rage iska. Mai Hilux da ya ɗaura rim 20 mai walƙiya kwalliyar cikin gari ya saya. Ranar da ya nufi ƙauye da damina, rim ɗin ne zai fara lotsewa.

Sai batun tagwaye. A kan kwalta tayoyi biyu-biyu a baya su ne daidai, suna ɗaukar kaya, in ɗaya ta sace ɗayar ta riƙe motar har a samu wurin tsayawa. A rairayi kuwa cikas ne. Tayar gaba ta buɗe sawu ta danne shi, amma tagwayen baya ba sa bin sawun daidai, sai sun buɗe nasu sabo. A ƙasa mai duwatsu, dutse kan maƙale a tsakaninsu ya yi ta cin gefen tayoyin biyu har ya huda. In aka sace musu iska da yawa, cikinsu ya kumbura su riƙa gogar juna, zafi ya taso. Shi ya sa motocin soja da waɗanda aka ƙera musamman domin hamada ke tafiya da babbar taya ɗaya-ɗaya a kowane gefe, irin 14.00R20 ko 395/85R20, an saita su yadda ta baya za ta bi sawun ta gaba.

Wannan sauyi yana da farashi, kuma da buhu ake biyansa. Mu koma ga motarmu. Tayoyi huɗu masu lamba 150 sun ba aksil ɗaya damar kilo 13,400. Tayoyi biyu masu lamba 164 sun ba shi 10,000. Bambancin kilo 3,400 ne, wato buhu 34 masu kilo ɗari-ɗari, a kowane aksil. Motar da muka auna tana da 10,000 a kowane aksil na baya, ta zauna daram a kan iyaka, babu rarar ko kilo ɗaya, kuma da cikakkiyar iska ke nan. Da zarar an sace iska domin rairayi, tilas a rage lodi ko a rage gudu ƙwarai, galibi ma duka biyun. Manyan kamfanonin taya suna buga jadawalin da ke nuna iska nawa ta dace da nauyi nawa a gudu nawa, na kwalta daban, na turba daban, na rairayi daban. Mai niyyar komawa taya ɗaya-ɗaya ya nemi jadawalin tayar da yake so tun kafin ya taya rim. Ya kuma tanadi hanyar mayar da iska, ko da dogon tiyo daga tankin iskar motar ko da famfo, domin taya mai ƙarancin iska in ta hau kwalta da gudu a zafin bazara dahuwa take yi daga ciki, waya ta rabu da roba, ta tarwatse. Da geji ake auna iska, da safe kafin a tashi, tayar na sanyi. Bugun taya da sanda ba ya bambance bar 7 da bar 9.

Laka hukuncinta daban. In saman ne kawai ya yi caɓi, ƙarƙashi da tauri, doguwar taya marar faɗi sosai mai manyan haƙora ta fi: tana yanka lakar ta kama ƙasa, tazarar haƙoran kuma na barin lakar ta fice yayin juyawa. In kuwa taɓo ne mai zurfi, irin yadda baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Gamboru Ngala kan zama a tsakiyar damina, babu girman tayar da zai fid da mota mai tan 27. A jira ƙasa ta sha rana ya fi arha. Manyan haƙoran nan da suka yi rana a laka kuwa, a rairayi rami suke haƙa wa motar. A marmara da tsakuwa abin da ake so shi ne roba mai jure yanka da gefe mai kauri, saboda ƙaya da kututture a gefe suke kai sara.

Gaskiyar magana, yawancin motocinmu ba na hamada ba ne. Mafi tsawon tafiyarsu a kwalta take, sai guntuwar turba daga bakin titi zuwa kasuwar ƙauye. Irin wannan mota, a ganina, ta zauna a kan girman da kamfani ya sa mata da tagwayenta, a zaɓa mata zane mai haɗa kwalta da turba. Taya ɗaya-ɗaya ta wanda rairayi ne hanyarsa ta kullum ce.

Ribar ƙarin tsayi da asararsa

A ce mai mota ya bar 12.00R20 ya koma 14.00R20. Tsayi ya tashi daga 1,125 zuwa 1,250, ƙarin milimita 125. Nawa motar ta ɗaga daga ƙasa? Rabin haka, kimanin santimita 6, don ɗaya rabin yana saman aksil. Santimita 6 ba abin rainawa ba ne a turbar da manyan motoci suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya. Kumburin tsakiyar aksil shi ke fara zama a kan tudun, kuma ƙara wa sifirin ganye ba ya ɗaga shi, taya kaɗai ke ɗaga shi. Ribar ke nan, tare da dogon sawun da muka ambata.

Yanzu ɗaya gefen. A raba 1,250 da 1,125, an sami 1.11. Kowane juyi ɗaya na taya yanzu yana cin ƙasa fiye da da, da kashi 11 cikin 100. Maleji bai san an sauya taya ba, juyi yake ƙirgawa. In ya nuna 80, motar na gudun kusan 89, dab da iyakar taya mai harafin G. In ya ce an yi kilomita 100, an yi 111, sai lissafin mai da lokacin juye baƙin mai su rikice. Ƙarfin da taya ke tura ƙasa da shi ya ragu da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace giya. Hawan da ake yi da giya uku watakila sai an koma biyu, tashi da lodi kuma ya riƙa cin kuloci. Birki ma aikinsa ya ƙaru, don tazarar da ke tsakanin tsakiyar aksil da ƙasa ta ƙaru, ga tayar kanta ta fi nauyi: 14.00R20 guda, ban da rim, takan haura kilo 100. Sandunan cikin aksil suna shan murɗa fiye da da. Motar ta ƙara tsayi, in lodin ya tashi sama ta fi saurin karkata. Maganin raguwar ƙarfi shi ne a sauya haƙoran cikin aksil zuwa masu rage gudu, kuma in aksil biyu ko uku ne ke ja, dukkansu za a sauya. Wanda bai sa wannan kuɗi a lissafinsa ba, bai gama lissafi ba.

A ƙananan motoci ribar ta fi haka ƙanƙanta. Mai Land Cruiser da ya bar 235/85R16, mai tsayin milimita 806, ya koma 285/75R16 mai 834, ya ɗaga motarsa da milimita 14, bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Ga ƙarin faɗi na milimita 50 da sai ya sayi sabon rim dominsa.

Kafin a biya kuɗin tayoyi duka, a gwada ɗaya. A ɗaura ta a gaba, a murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa a ga ko tana kusantar sifirin, sandar sitiyari, tiyon birki ko madigadi. A tuna cewa in aka yi lodi sifirin zai kwanta, a rami kuma aksil zai karkata, don haka tazarar da aka gani a gareji ba ita za a samu a hanya ba. Mota mai aksil biyu a baya, a auna gurbin da zai rage tsakanin tayoyinsu. A duba ma ko wurin ajiye safaya zai ɗauki sabuwar.

Motar da ke ja da duk ƙafafunta tana da ƙarin sharaɗi: tsayin tayoyin gaba da na baya ya zama ɗaya, har da safaya. In sun bambanta, wasu na son juyawa fiye da wasu, sai rigimar ta ƙare a kan akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Tagwaye ma kada bambancin tsayinsu ya wuce milimita 6. Sabuwa in aka jera ta da suɗaɗɗiya, sabuwar ce ke ɗaukar kusan duk kayan, ta yi zafi, ta mutu da wuri.

Rim

A girman rim babu kusan. Tayar inci 16 takan shiga rim 16.5, amma ba za ta zauna ba, in aka dage da iska bakinta ya tsinke ta fashe a gaban mai faci. A manyan motoci gida biyu ne. Rim 20 da 24 da aka saba gani a tasha masu tiyub ne, masu zoben da ake cirewa. Rim 22.5 guda ɗaya ne, mai kwari a tsakiya, na tubles. Tsayin tayoyinsu na haɗuwa a wasu wurare: 10.00R20 ta yi kusan daidai da 11R22.5, 11.00R20 da 12R22.5, 12.00R20 da 13R22.5. Mai son barin tiyub zai iya bin wannan jeri ba tare da ya taɓa giya ko maleji ba. Amma 315/80R22.5 ta gaza 12.00R20 da kimanin santimita 5, ba sa zama a aksil ɗaya. Mai son sauka daga 22.5 zuwa 20 kuma ya tabbatar sabon rim ɗin zai rufe birkin ba tare da ya taɓa shi ba, don a motoci masu birkin faifai sau da yawa ba ya shiga.

Kowace taya tana da faɗin rim da aka ƙera ta dominsa: 12.00R20 inci 8.5, 315/80R22.5 inci 9, 13R22.5 inci 9.75, 14.00R20 inci 10, 385/65R22.5 inci 11.75. In rim ya yi mata ƙunci, tsakiyar zanen ke turowa ya cinye da wuri. In ya yi mata faɗi, gefenta ya miƙe ya fito fili, dutse ya same shi a sauƙaƙe.

Ramukan noti su ma lissafi ne da su. Yawancin manyan motocin Turai suna da rami 10 a kan da'irar milimita 335, ramin tsakiya kuma 281. Hilux mai ja da ƙafa huɗu rami 6 ne a kan 139.7. Land Cruiser samfurin 70 na baya-bayan nan rami 5 ne a kan 150, tsofaffin kuwa 6. Rim da ba ya shiga sai an goge raminsa ba na motar ba ne. Akwai kuma lambar da ke bayan harufan ET, wadda ke nuna da milimita yadda fuskar da ake ɗaurewa ta kauce daga tsakiyar rim. Ita ke tura taya ciki ko waje. In ta fito waje da yawa, boris ya riƙa mutuwa, sitiyari ya yi nauyi. A tagwaye ita ke ba da tazarar da ke hana su gogar juna. Shi ma rim yana da iyakar nauyin da aka buga a jikinsa. Bayan an ɗaura taya, a sake ɗaure notuna in an yi kilomita 50 zuwa 100.

Tiyub ko tubles? Tubles ba ta ɗaukar zafi kamar mai tiyub, in ƙusa ta soke ta a hankali take sacewa, kuma ta fi rashin nauyi. Mai tiyub kuwa ana iya kwance ta a yi mata faci a tsakiyar daji da 'yan ƙarafa, in rim ya ɗan lotse ma iska ba ta fita. Rauninta shi ne in iska ta yi ƙasa sosai tayar kan zame a kan rim ta tsinke bawul. Wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce, tubles ta fi masa. Wanda ke yin kwanaki bai ga shagon faci ba yana da hujjar riƙe tiyub.

Zoben rim yana kisa, wannan ba wasa ba ne. A sace iska ƙarƙaf kafin a taɓa shi. Kada a ɗauki zoben wani rim a sa wa wani, kada a yi aiki da wanda ya tsage ko tsatsa ta ci. In za a ba da iska, a sa tayar cikin kejin ƙarfe, mai bayarwa ya tsaya gefe da dogon tiyo, yara su yi nisa. Kada a yi walda a rim taya na kansa, ko da an sace iskar. Dabarar watsa fetur a kyasta ashana don bakin taya ya zauna, a bar ta.

Abin da kasuwa ke da shi

Taya komai kyanta a takarda, in ta fashe a inda ba a sayar da irinta, motar ta zauna. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Legas a 2008, tayoyin manyan motoci daga waje ake shigo da su Najeriya, kuma 'yan kasuwa abin da ke tafiya suke kawowa. Irin 12.00R20, 315/80R22.5 da 7.50R16 ba sa wuyar samu a manyan garuruwa. Irin 395/85R20 kuwa sai an yi cigiya. Mai zaɓen girman da ba kowa ke da shi ba ya sa kuɗin safaya biyu a lissafinsa tun farko.

A duba shekarun taya kafin a biya. A ƙarshen layin da ya fara da harufan DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2322, an ƙera ta a mako na 23 na 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, zane na nan raɗau amma gefe ya fara tsattsagewa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Michelin kuwa shawararsa ita ce a riƙa kai ta bincike duk shekara in ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take. Tayoyin gwanjo suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, duk da haka kasuwa cike take da su. Wanda tilas ta sa ya saya, ya leƙa cikinta ya shafa da hannu ya nemi faci da kumburi, kuma kada ya kai ta gaba.

Aiki

Ku lissafa tsayin 385/65R22.5, ku gwada shi da na 315/80R22.5, ku faɗi dalilin da ya sa ake iya ganin su biyun a mota ɗaya. Sannan a ce aksil na gaba ya nuna kilo 7,600 a sikeli: cikin lambobin nauyin da aka jera a sama, wace ce mafi ƙanƙanta da za ta iya ɗauka? Daga nan kowa ya je tasha ko gareji mafi kusa, ya nemi izinin direba, ya kwafo duk abin da ke rubuce a gefen tayoyin gaba biyu da tagwaye ɗaya na baya: girma, lambar nauyi, harafin gudu da makon ƙira. Ku zo da shi aji na gaba mu lissafa tare. Wanda ya tarar da tayar gaba mai kumburi, ko tsattsagaggen gefe, ko wadda ba girmansu ɗaya da 'yar'uwarta ba, ya gaya wa direban nan take, kada ya jira ranar aji.